Rumfar da Aka Ce Sai Ta Yi Yoyo

Jiya da la'asar aka yi ruwa a Makka, irin na ƙarshen zafi wanda ba ya sanyaya komai, sai dai ya tayar da turiri daga kwalta. Ina zaune bakin taga a gidanmu na unguwar Hindawiyya sai ga jikata Abir ta hawo bene da tire a hannu, fuska a murtuke. Tiren da ta sauka da shi ne, ko murfin ba a ɗaga ba.

"Sitti, wallahi mutanen nan sai a hankali," in ji ta, da Hausarta da rabinta Larabci ne. "Shinkafa da kaza na kai musu, mijin ya tare ƙofa ya ce sun gode, suna da abinci. Wane abinci? Wata biyu ba ya zuwa aiki. Halas, ni na gama."

Harisu take nufi da matarsa Zali, mutanen Maraɗi da ke haya a ɗakin ƙasa. Shi magini ne, aikin da ya kawo shi ya tsaya.

"A gaban wa kika miƙa masa?" na tambaye ta.

"A gaban kowa mana. Maza na zaune bakin kanti. Ƙawata ma ta ɗauki hoto don ƙungiyarmu ta taimako."

"Ɗansu fa?"

"Na ji tarinsa daga ciki. Na tambayi uwar, ta ce lafiya."

Na juya wajen taga. Iska ta kawo mini ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen dabino daga rufin maƙwabta inda suke kiwon tantabaru. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, har yau hancina bai yafe wa wannan ƙamshi ba.

'Ya'yana da jikokina duk a nan aka yanke musu cibi, amma ni ba haifaffiyar nan ba ce. Daga ƙasar Gumel muka taso ni da Malam, mijina, wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan mota, shekara huɗu muna hanya. A Sudan muka fi daɗewa, a garin Madani, inda mutanenmu ke yada zango su jira tsinkar auduga don su sami guzurin ƙarasawa. Mu kuwa da farkon damina muka isa, auduga sai sanyi ya shigo. Babu wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba.

Malam jinka ce sana'arsa, da saƙar zana. A garinmu in ya rufe ɗaki, shekara bakwai ɗigo ba ya sauka, kuma ya san da haka, har tafiyarsa ma ta sani. Amma wa ke jinka da damina? Ciyawa ɗanya ce, masu ɗaki kuma kuɗinsu na ciki ne. Bukkar da aka ba mu aro a zangon Hausawa tsohuwar zana ce da gutsuren kwano, ga gwanin jinka a ciki yana kallon rufi yana tsaki. Ƙasar garin baƙar laka ce, in ka taka sai ta riƙe takalminka ka fito da ƙafa tsirara. In ruwa ya ɗauke, zafi ya sauko kamar an kifa tukunya, sauro kuma ba ya jiran magariba.

Da safe nakan ɗumama ruwa in barbaɗa garin dawa cikin tafin hannu, mu kira shi kunu. Da rana babu komai. Da yamma in fita bayan gari in tsinko tafasa da lalo, in dafa da gishiri. Da farko ina tallar gyaɗa, har ranar da muka cinye jarin. Yunwa ta kwana ɗaya ciwo ce a ciki, amma in ta yi wata sai ta koma ƙafafu da idanu, ka tashi tsaye ka ga gari yana lilo.

Muna da yarinya, 'yar shekara biyu da wani abu, a hanya na haife ta. 'Yar fari ce. Yaran yanzu ba su san wannan ba, shi ya sa zan faɗa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in an tambaye ta lafiyarta sai ta kau da kai. A gida wannan ba ya cutar da kowa, don akwai kaka, akwai gwaggo, su ne masu ɗauka su yi rarrashi su nemi magani. A hanya babu kaka babu gwaggo, sai ni kaɗai da kunyar da na ɗauko daga Gumel ban bar ko kaɗan a baya ba. Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama yarinyar, yau ya sake ta gobe ya dawo. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

A cikin masu sayen gyaɗata akwai Rahila, matar wani mai kantin yadi da ake kira Hawaja Dawud. Yahudawa ne, a lokacin akwai gidajensu 'yan kaɗan a garin. Na san abin da kunne ke ji yanzu in an ambaci sunan nan, ni ma ina kallon labarai ina share hawaye. Amma abin da idona ya gani shi zan faɗa. Rahila mace ce mai jiki, mai murya, makullai a ɗaure a ƙugunta, ga ciniki kamar ba matar mai kanti ba. "Ya Hajja" take kirana don tsokana, tana cewa wanda ya yi niyya ya riga ya isa.

Da damina ta fara ja da baya sai Rahila ta aiko zango tana neman mata uku, sallarsu ta sabuwar shekara ta matso. Na bar yarinyar wurin wata tsohuwa na tafi. Ranar farko wanki muka yi, har labulen tagogi. Rana ta biyu muka shafe bango da farar ƙasa, ta uku tankaɗen alkama da dafa dabino har ya zama kamar zuma. Ni na share ɗakin Rahila, na goge kwalabe a kan kanta, cikinsu har da kwalbar kinin, maganin zazzaɓi. Na ɗaga ta na goge ƙarƙashinta na mayar.

Bakin Rahila ba ya hutawa in tana aiki, kuma na tsinci Larabcin kasuwa da ya ishe ni ji. Ta ce bayan sallar akwai kwana goma na neman gafara, kowa ya je wurin wanda ya ɓata wa, sannan azumi na dare da yini ba ci ba sha. A kwanakin nan mai roƙo ba ya barin ƙofarsu hannu sake. Akwai wani gwangwani kusa da fitila, ba ta kunna fitilar sallah sai ta jefa wani abu a ciki.

"Ubana ya koya mini cewa bayarwa tsani ce," in ji ta, tana murza ƙullu. "Matakin ƙasa, ka bayar kana ɗaure fuska. Sama da shi, ka bayar kafin a roƙe ka. Can sama, ka bayar ba ka san mai karɓa ba, shi ma bai san ka ba. Na ƙoli shi ne ka ba mutum aiki, har ya daina bukatarka. Kuma mu ba alheri muke kiransa ba, ya Hajja, haƙƙi ne, na talaka ne da aka ajiye a hannunka."

Na ce mu ma an koya mana kada hagu ta san abin da dama ta bayar. Ta yi dariya ta ce to ashe maƙwabta ne mu. Aikin ya kawo mudu uku na dawa, Malam ya ci bai ƙi ba, tunda gumi ne.

Amma mai wa'azin tsani ita ta fara zamewa daga kansa. Jajibirin azuminsu suna yanka kaji su raba wa mabukata. Aiki ya yi mata yawa, sai ta ba mai amalanke kaza ya kai mana. Da tsakar rana mutumin ya tsaya tsakiyar zango, maza na zaune gindin bishiya, ya ɗaga kaza sama yana ihu: "Ina miskinin nan mai jinka? Ga sadakar Hawaja!"

Ina leƙe ta jikin zana. Kazar fiɗaɗɗiya ce, ina ganin kitsenta rawaya, har na ji romon a bakina, na ga yarinyar tana sha. Malam ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"Mayar masa," ya ce. "Ni baƙon Allah ne, ba maroƙi ba."

Maza suka gyaɗa kai. Ni na koma ciki na zauna. An ce girman kai rawanin tsiya, to ranar na gan shi a naɗe.

Washegarin azumin Rahila ta sa aka kira ni. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage.

"Na zubar da jinin mijinki," in ji ta. "A wurinmu wanda ya kunyata mutum a gaban jama'a kamar ya zubar da jininsa ne. Jiya yini na yi ina tuna shi. Ki turo mini shi, ina da aiki, aiki na gaske."

Saura kwana huɗu wata sallar tasu, wadda suke kafa rumfa a tsakar gida su yi kwana bakwai suna ci a ciki. Malam ya zo, ta nuna masa wurin a tsakar gidan, ta auna da ƙafa, ta ce rumfa. Larabcinsa bai wuce na salla ba, kuma ba zai yarda matarsa ta yi masa tafinta ba. Ya gyaɗa kai kawai. Wa zai koya masa rumfa?

Ban taɓa ganin sa yana aiki kamar kwanakin nan uku ba. Ya samo tsohuwar ciyawa busasshiya a wani rumbu, ya sa aka saro ganyen dabino, ni ina ɗebo ruwa ina jiƙa igiya. Da cikinsa babu komai ya kafa dirkoki, ya zauna a ƙasa yana saƙa jinka, yana matse ta da gwiwa, har yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rahila tana kicin, Dawud yana kanti. Safiyar rana ta uku, jajibirin sallar, ya ɗora jinkar gaba ɗaya ya ɗaure. Sannan ya hau ya kwara bokitin ruwa a kai, ya ce in tsaya a ciki. Ko ɗigo bai taɓa ni ba. Ya sauko yana murmushi, rabona da ganin haƙoransa tun kafin damina.

Da azahar Dawud ya dawo. Ya shiga rumfar, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

"Ina sama?" ya ce. "Wannan ɗaki ne, ba rumfa ba. Ba ta halatta. Sai an hango taurari ta ciki, sai ruwa ya iya shiga."

Rana na gudu, sallah na shigowa da faɗuwarta, mutumin bai tsaya dogon bayani ba. Ya ɗauki gora ya fara zungurin jinkar yana ɓula ta, ciyawa na zubowa. Malam bai ji ko kalma ɗaya ba, abin da idonsa ya gani shi ya fahimta.

"Da ma ba aiki suke so ba," ya ce mini da Hausa. "Sadakar ce suka sa mata riga. Tashi mu tafi."

Ya fita bai waiwaya ba, Dawud na kiransa da kuɗi a hannu. Ni Rahila ta cim mini a bakin ƙofa, hannunta duk gari. Ta ce laifinta ne da ba ta faɗa ba, ta ɗauka kowa ya sani. Kakanninsu sun yi shekara arba'in a jeji tare da Annabi Musa ba gida ba ƙofa, shi ya sa kowace shekara suke barin ɗakin siminti su zauna inda ruwa zai iya taɓa su, don kada su manta. A raina na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ai wata huɗu ke nan muna cikin wannan sallar taku.

"Karɓi ladan aikinsa yanzu," ta ce. "In rana ta faɗi, kwana biyu ba ma taɓa kuɗi, ba ma zuwa kasuwa."

Na ji tsoron Malam. Na ce a bari ya huce, sai bayan sallarsu. Sai ta riƙe hannuna.

"Yarinyarki fa? Na daɗe ban gan ta a bayanki ba."

Matan zango biyu da muka yi aiki tare, da suka dawo aikin wannan sallar, suna tsaye a bayana. Kwalbar kinin tana ɗaki na biyu daga inda nake, na san kantar, na san gefen da take. Tun safe yarinyar ba ta buɗe ido sosai ba. Duk wannan yana cikin kaina. Na kau da fuska na ce, "Lafiya lau."

Ta dube ni, kamar za ta sake magana, sai aka kira ta daga kicin wani abu na ƙonewa. Ta sake ni ta tafi.

Ranar farko ta sallarsu zafi ne kawai, ko ganye ba ya motsi. Na jiƙa tsumma ina shafa wa yarinyar, tsumman na bushewa a hannuna. Ta ƙi kunu, da ma kunun ruwa ne. Rana ta biyu bayan azahar hadari ya haɗu, ruwan ƙarshe na shekarar ya sauko. Na ja tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko'ina zuba yake. Malam ya ciro zana daga jikin ƙofa ya tsaya a kanmu ya riƙe ta da hannu biyu, ruwa na bin gwiwar hannunsa yana sauka. A haka jikinta ya fara jijjiga, ya saki, ya sake kamawa. Kafin a kira la'asar ta cika. Malam bai sauke zanar ba sai da na ce masa ya isa.

Kabarin da aka haƙa ruwa ya riƙa cika shi, sai da aka kwashe da ƙwarya. Ni ban yi kuka a gaban kowa ba. Ina ji tsofaffin zango na yabona, wai yarinyar nan akwai kunya, an yi mata tarbiyya. Har yau ba na son tuna wannan yabo.

Rana ta uku da hantsi sai ga Rahila da kanta, takalmi a hannu, laka har ƙauri, da tukunya da ɗaurin kuɗin aiki. Ta sunkuya ta shigo, ta ga tabarma a naɗe, ta ga matan da ke zaune. Ta ajiye tukunyar ta zauna a ƙasa cikin jiƙa.

"Na tambaye ki," ta ce. "Ya Hajja, da bakina na tambaye ki!"

"Sallarku ce," na ce. Ƙarya nake.

"Wace sallah? In rai ne ana karya azumi, ana karya hutunmu na Asabar, ana karya komai, haka aka umarce mu! Da ƙafata zan je in taso likita. Me ya sa kika ce lafiya?"

Ba ni da Larabcin da zan ba ta amsa. Daga baya na gane Hausar ma ba ni da ita. Ta yi kukan da ni ban yi ba, matan zango na kallonta suna taɓe baki.

Malam ya karɓi kuɗin. Sanyi ya shigo muka tsinci auduga, shekara ta zagayo muka haye teku. Bai sake taɓa ciyawa ba har ya mutu. A Makka ga-ruwa ya yi, daga baya ya sami ɗan shago a unguwar Zahir, Allah Ya ba mu 'ya'ya shida. Shi a ganinsa kazar nan da kuɗin nan da ya ƙi su suka kashe yarinyar, ya ɗauki abin a kansa har kabari. Ni kuma na bar shi ya ɗauka. Ban taɓa gaya masa abin da aka yi a bakin ƙofar Rahila ba, Allah Ya yafe mini.

Jiya, da na dawo daga wannan tunani, Abir na tsaye da tirenta tana latsa waya.

"Ajiye wannan," na ce. "Miƙo mini abaya da sanda."

"Sitti, benen fa? Gwiwarki?"

"Gwiwar taki ce?"

Na sauka ina hutawa a kowane hawa. Harisu na zaune bakin ƙofarsa, da ya gan ni ya miƙe ya rusuna. Na jira maza suka kau da ido, sannan na ce masa katangar rufinmu ta tsage, ruwan yau ya shigo har kan gadona, kuma gaskiya ne. Na ce gobe ina son magini, kuma zan zauna a kansa in faɗa masa dalla-dalla yadda nake so, kada ya yi mini gwaninta. Ya ce to, Hajiya, in Allah Ya yarda.

Zali ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi shekarun da nake da su a Madani ba.

"Yaya jikin yaron?" na ce.

Ta juya fuska wajen bango. "Lahiya lau, Hajiya."

"Na fari ne?"

Ta sunkuyar da kai. Na ture ta da sandata na ɗaga labule na shiga. Yana kwance a kan katifa, ƙirjinsa na shiga yana fita, jikinsa kamar an sauke tukunya daga wuta. Na ƙwala wa Abir kira ta tsayar da tasi. Yanzu haka yana asibiti an sa masa ruwa. Likita ya ce mun yi jinkiri, amma ba a fid da rai ba.

A cikin tasin, yaron na kan cinyata, uwar na gefe tana kallon taga kamar ba nata ba, na ba Abir labarin nan a gajarce. Sai da muka wuce gada ta juyo ta dube ni.

"Sitti, ban taɓa sanin Baba yana da yaya ba," ta ce. "Ya sunanta?"

Cikin 'ya'yana shida babu wanda ya san shi. Wanda ya raɗa shi kuma yana ƙasa. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar na mai koyon magana.

"Hauwa'u," na ce.

Karon farko ke nan da na kira ta, kuma babu mai amsawa.